Ranar da yatsana ya ƙaryata ni

"Malam, yanzu a natse kake?"

Tambayar da likitar ta yi mini ke nan bayan ta gama liƙa mini wayoyin na'urarta ta auna jiki. Biyu a kan kafaɗuna, ɗaya a goshi, wasu 'yan ƙanana a yatsun hannun hagu, sannan wata ɗamarar roba ta zagaye mini ciki. Na ce mata ƙwarai kuwa, a natse nake. Kuma har ga Allah ba da niyyar ƙarya na faɗa ba. Ina zaune kan kujera mai laushi, ɗakin shiru, babu wanda ke tsaye a kaina da fayil yana jiran sa hannu. Me zai hana ni natsuwa?

Ba ta musa ba. Sai kawai ta juyo da allon kwamfutar ya fuskance ni. Layuka huɗu ne ke tafiya a kai, kowanne da launinsa. Ta nuna na farko da bakin biro, ta ce wannan zafin yatsana ne, digiri 27, alhali ɗakin ba sanyi. Na biyu numfashina ne, sau 19 a minti ɗaya, kuma kusan duk a ƙirji yake tsayawa, ɗamarar cikin da ƙyar take motsi. Na uku tsokar kafaɗa. Ta ce, "Kafaɗunka suna aiki kamar na wanda ya ɗauko kaya, ga shi kuma ba ka ɗauke da komai." Na ce ai a sake suke. Ta ce in ɗaga su sama har su kusa taɓa kunnuwana, in riƙe, sannan in sake su gaba ɗaya. Da na sake, layin ya faɗo ƙasa sosai, ƙasa da inda yake a da. Wato abin da nake kira sakewa, ashe rabin ɗaurewa ne. Kafin a yi minti biyu, muna cikin magana, layin ya sake hawa da kansa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne layi na huɗu, na gumin tafin hannu. Ta ce in fara daga 1000 ina cire bakwai-bakwai da baki. Ni da lissafi ne sana'ata, shekara goma sha ɗaya ina aikin akanta, har murmushi na yi. Na fara, 993, 986, ina tafiya lafiya lau ban yi kuskure ba, amma layin ya miƙe sama kamar an tsikare shi. Muna cikin haka wayata ta yi kakkarwa a aljihu. Ban ciro ta ba, ban ma san wanda ya turo saƙon ba, amma bayan daƙiƙa biyu layin ya sake yin tsalle, ya wuce na lissafin. Ta dube ni, na dubi allo. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni kam ranar na tarar cewa shekara da shekaru ina kwana a ɗakin, baƙo ne ya zo ya nuna mini wurin.

Abin da ya kai ni can ciwon kai ne. Irin wanda yake kama mutum kamar an ɗaure masa kai da igiya daga goshi zuwa ƙeya, ya fi zuwa da la'asar, ya fi tsanani a ƙarshen wata lokacin rufe lissafi. Uwargida ta daɗe tana cewa ina cizon haƙora cikin barci har tana jin ƙararsu. An auna jinina, an duba idanuna, an yi gwaje-gwaje, ba a ga wani abin tsoro ba. Sai aka ce damuwa ce da yawan tunani. Wannan maganar ta ɓata mini rai, domin a ganina ni ba mai damuwa ba ne, mutum ne kawai mai aiki da yawa. Da aka ce in je in gwada wani abu wai shi bayofidbak, na tafi ne don kada a ce ban je ba.

Sunan ne kawai mai nauyi a baki, abin kansa ba shi da wuyar ganewa. Akwai ayyuka da yawa da jiki ke yi ba tare da ya nemi izininmu ba: bugun zuciya, buɗewa da tsukewar hanyoyin jini, fitar gumi, ɗaurewar tsoka. Na'urar tana auna ɗaya daga cikinsu, ta mayar da shi layi a allo ko sauti a kunne, nan take, a daidai lokacin da yake faruwa. Ba ta saka maka komai a jiki, ba wutar lantarki take ba ka ba, saurare kawai take yi ta faɗa maka abin da ta ji. Kai kuma da kake gani, sai ka riƙa gwada wannan da wancan har ka gano abin da ke sa layin ya sauka. Kamar mai gyara hula ne a gaban madubi. Madubin ba ya gyara hular.

Likitar ta kwatanta mini jijiyoyin da ke kula da waɗannan ayyuka da mota mai totur da birki. Totur ɗin shi ne wanda ke tashi idan an ga haɗari. Wani masanin aikin jiki na jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya yi bayaninsa tun 1915: dabba idan ta tsorata, jikinta kan shirya ko dai faɗa ko gudu. Zuciya ta ƙara sauri, sinadarin adirenalin ya kwararo, jini ya janye daga fata da hanji ya tafi manyan tsokoki. Shi ya sa yatsun mai fargaba suke sanyi, tafinsa kuma yake jiƙewa. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance kura da saƙon shugaban ofis. Duk totur ɗaya yake takawa. Kura tana zuwa ta wuce, saƙon kuwa sau arba'in a yini.

Daga baya da abin ya shiga raina na je na karanta tarihinsa, kuma tarihin ya ƙara mini yarda da shi ne saboda ba a ɓoye tuntuɓen da aka yi ba. A wajajen 1958 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Joe Kamiya, a jami'ar Shikago, ya riƙa auna igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira alfa, masu kaɗawa kamar sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, waɗanda kan yawaita idan mutum ya rufe ido ya huta. Ya gano mutum zai iya koyon gane lokacin da yake cikinsu, har ya iya ƙara su idan ana ba shi alama. Shi kuma wani masanin mai suna Neal Miller ya yi gwaji da ɓeraye a shekarun 1960, ya ba da rahoton cewa sun koyi ƙara ko rage bugun zuciyarsu don samun lada. Labarin ya yi tashe sosai. Amma da aka zo maimaita gwajin, har a ɗakin bincikensa, sakamakon ya ƙi fitowa yadda ya fito da farko, kuma shi da kansa ya amsa hakan. A 1969 masu wannan bincike suka yi taro a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, suka kafa ƙungiya, sunan ya zauna. An yi zuzutawa mai yawa a lokacin, har wasu na ganin an samo maganin kowace cuta. Ƙura ta lafa, abin da ya rage shi ne ɗan abin da ke aiki da gaske, kuma ciwon kai na daga cikin wuraren da hujjar ta fi ƙarfi.

Darasi na farko da aka ba ni shi ne ɗumama yatsa, kuma shi ya fi wahalar da ni. Ɗan ma'aunin zafi ne ake manna wa a yatsan tsakiya, lamba tana fitowa a allo, aikinka ka sa ta hau. Asalin dabarar daga Elmer Green da matarsa Alyce ne, a cibiyar Menninger da ke Kansas. Suna koya wa mutane ɗumama hannu, sai wata mata a cikin masu gwajin ta ce ciwon ɓarin kanta ya lafa, aka duba takardar awo aka ga daidai lokacin ne hannunta ya yi ɗumi. Hikimar a fili take: hanyoyin jinin yatsa ba sa buɗewa sai an ɗaga ƙafa daga totur. Idan yatsa ya ɗumama, shaida ce cewa jiki ya sauka, ko me baki ya ce.

Na zauna, na ƙura wa lambar ido, 27.4. Na ce a raina, hau. Ta koma 27.2. Na ƙara dagewa, na haɗe gira, na tattara duk tunanina a kan yatsan kamar mai son tura jini da ƙarfin tsiya. 26.8. Minti goma ina fama, ina jin haushi yana taso mini, lambar kuwa sai ƙasa take yi. Duk rayuwata abin da na sani shi ne idan abu ya ƙi, a ƙara ƙoƙari. Da haka na ci jarrabawa, da haka na riƙe aiki. Ga shi yau an ajiye ni gaban wani abu da ƙoƙarin ne kansa yake ɓata shi. Can na gaji, na ce a raina oho dai, na jingina, idona ya tafi kan labulen taga da iska ke kaɗawa a hankali. Na tuna yadda rana ke dukan bayan hannuna idan na ɗora shi kan sitiyari. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai na ji likitar ta ce a hankali, "Kada ka yi sauri, amma duba." 29.1. Ina gani na yi murna, na gyara zama don in ƙara, nan take ta fara gangarowa. Dariya ta kama mu duka biyu.

Sai da na yi zuwa huɗu kafin na kai digiri 33. Kuma har yau idan aka ce in faɗi abin da nake yi da ke sa yatsan ya ɗumama, bakina ba zai iya ba. Ya fi kama da yadda barci ke zuwa: kana iya gyara masa shimfiɗa, amma ba ka iya kamo shi da hannu. Abin da zan iya cewa shi ne akwai wani ɗan nauyi da ke sauka a tafin hannu, da wani ɗan zuga-zuga a kan yatsu, kuma yanzu na san su kamar yadda na san muryar 'ya'yana.

Na biyu shi ne na numfashi da zuciya, kuma shi na riƙe har yau. A da ina ɗauka lafiyayyar zuciya ita ce mai bugawa daidai wa daida kamar agogo. Ashe ba haka ba ne. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana canzawa koyaushe. Idan ka shaƙi iska zuciya kan ɗan ƙara sauri, idan ka fitar sai ta sassauta, domin a lokacin fitarwar ne jijiyar bagus, wadda ita ce babban birkin, take kamawa. Mutumin da ke cikin matsi, wannan hawa da sauka yakan ƙanƙance, layinsa ya zama tsintsiya mai karkarwa. Wanda ya sake kuwa, layinsa kan yi tudu da kwari masu faɗi.

A wuya da babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya akwai wasu 'yan ma'aunai na halitta da ke lura da ƙarfin jini. Idan ya hau su sa zuciya ta rage, idan ya sauka su sa ta ƙara, kuma zagayen nan yana cin kamar daƙiƙa goma. Paul Lehrer na Amurka da Evgeny Vaschillo ɗan Rasha sun nuna cewa idan mutum ya daidaita numfashinsa da wannan zagaye, wato wajen sau 6 a minti, sai biyun su haɗu su riƙa ƙarfafa juna. Kamar tura yaro ne a lilo. Ba ƙarfi ake buƙata ba, lokaci ake buƙata. Ka tura daidai sanda lilon ya juya, sai ya yi ta nisa. Kowa da nasa ma'auni, galibi tsakanin 4.5 da 6.5 a minti, dogaye sukan fi yin ƙasa. An gwada ni a matakai daban-daban, nawa ya faɗa a 5.5. Wato ina shaƙa daƙiƙa huɗu da ɗoriya, in fitar a cikin shida da ɗoriya.

Mutumin da ya saba da 19 a ce ya dawo biyar da rabi, ai ji yake kamar an danna kansa a ruwa. Kuskuren da na yi a makon farko shi ne na ɗauka numfashi a hankali yana nufin numfashi mai yawa. Sai in cika huhu fal kamar mai hura balan-balan. Bayan minti uku jiri ya ɗebe ni, leɓɓana suka fara tsikari. Na koma na ce mata abin nan ba ya yi mini. Ta ce, "Malam, yawa ka yi. Kana fitar da iskar kabon fiye da kima, shi ke kawo jirin. A hankali na ce, ban ce da yawa ba." Ta sa na ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya, ta ce na ƙasan ne kawai zai motsa, kuma in fitar da iskar ta ɗan tsukakken baki kamar mai hura kyandir ba ya son ya mutu. A ranar ne na ga layina ya yi tudun nan mai kyau, bugun yana hawa 78 yana sauka 62, yana hawa yana sauka, sumul. Na zauna ina kallonsa kamar ba daga ƙirjina yake fitowa ba.

Aka ce in riƙa yi a gida, minti 20 sau biyu a rana, na tsawon mako goma. Gaskiya ban cika ba. Sau ɗaya nake samu mafi yawan kwanaki, wani lokacin minti goma a cikin mota kafin in shiga ofis. Na samu ɗan abin maƙalawa a kunne da ke haɗuwa da manhajar waya, yana haska fata yana ƙirga bugun jini, irin hasken nan da agogunan zamani ke yi a bayansu.

A nan ne kuma na faɗa wani ramin, wanda ba a gargaɗe ni a kansa ba. Manhajar tana ba da maki. Ni kuwa da lamba, kamar kaza da tsaba. Na buɗe jadawali a kwamfuta ina shigar da makin kullum, ina fitar da matsakaici na mako. Idan na tashi da safe na ga makin ya faɗi, sai ranar ta ɓaci tun kafin ta fara. Har na shiga kwatanta nawa da na wani abokin aikina da na girme shi da kusan shekara goma, ina jin zafin ya fi ni, alhali wannan awo yana raguwa da shekaru, kuma na kowa daban ne, rashin barci na dare ɗaya ko ɗan zazzaɓi ma kan sauke shi. Wata rana da dare ina zaune a bakin gado na ɓata rai ina duba waya, uwargida ta ce, "Maigida, wai ba abin nan aka ba ka don ka huta ba? Na ga tun da ka samo shi ka ƙara sabon shugaba ne a kanka." Garin neman ƙiba na kusa samo rama. Washegari na goge jadawalin, na rufe wurin da ke nuna maki, na bar layin kawai.

Ba zan ce abin ya canza rayuwata ba, domin aikin yana nan yadda yake, ƙarshen wata bai daina zuwa ba, kuma numfashi ba ya biyan bashi ko ya gyara mugun shugaba. Wanda damuwarsa ta samo asali daga abin da ya kamata a tunkara, to sai an tunkare shi. Wanda kuma ke jin ciwon ƙirji, ko zuciyarsa na tsallake bugu, ko baƙin ciki ya danne shi har ya kasa tashi, likita zai nema, ba manhaja ba, kuma ba a ajiye maganin hawan jini don an koyi numfashi. Ina ma ganin mutane da yawa za su sami kusan irin amfanin da na samu ba tare da wata na'ura ba, in dai za su zauna su yi numfashin da gaske, domin akwai binciken da ya nuna koyon sassauta jiki zalla yana kamo ƙafar wanda ake yi da na'ura. Sai dai ni na san kaina. An sha gaya mini in riƙa jan numfashi, ina ɗaukarsa maganar mutanen da ba su da aikin yi. Ba don na ga layin nan ya yi tsalle saboda kakkarwar waya ba, da har yau ina cewa ni ba mai damuwa ba ne. Gani ya kori ji.

Ciwon kan ya ragu, daga kusan kullum zuwa 'yan kwanaki a wata, kuma yanzu ina jin tahowarsa tun daga nesa. Yakan fara ne da muƙamuƙi, haƙoran sama da na ƙasa su haɗu su matse, sai kafaɗar dama ta ɗan ɗaga. A taron ofis na makon jiya, ana cikin gardama kan wasu alƙaluma da suka ƙi daidaita, na ɗora yatsuna a wuya kamar mai sosawa, na ji su kamar ƙanƙara. Ba wanda ya lura. Na raba haƙorana, na sauke kafaɗa, na yi numfashi shida ina kallon takardar gabana kamar mai nazari. Gardamar ba ta ƙare a nan ba, sai da muka kai magariba, amma na koma gida kaina sakayau.

Abin kunnen yana cikin durowa yanzu, sai in yi mako biyu ban taɓa shi ba. Ranar Asabar 'yata mai shekara bakwai ta tono shi tana neman fensir, ta nace sai an maƙala mata. Na maƙala, na buɗe manhajar, na fara shirin yi mata bayanin yadda ake shaƙa da yadda ake fitarwa. Kafin in buɗe baki layinta ya riga ya fara tudu da kwari, manya-manya, irin waɗanda na yi wata biyu ina nema. Tana zaune tana kaɗa ƙafa, tana wasa da igiyar. Ta kalli allon, ta kalle ni.

"Baba, to yaushe za a fara?"